Barcin Direba Ma Yana Cikin Kuɗin Haya

Tun daga shekarar 1974, lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a zamanin mulkin Gwamna Audu Bako, har ruwanta ya biyo magudanan da aka gina masa ya malalo filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙasar nan ta daina sanin zaman rani, domin kuwa watannin da kakanninmu suke rataye fartanya su tafi cin rani su ne yanzu watannin da gona ta fi cika da jama'a. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan ni'ima: an yabi manomi, an koka da kachalar da ke toshe magudanai, an yi ta muhawara a kan taki da iri da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are wadda aka ɗora wa amanar aikin. Amma akwai mutum guda wanda in ba dominsa ba da tumatirin Kadawa ya ruɓe a bakin kwalta, da shinkafar Kura ba ta wuce kasuwar Kura ba, wanda kuma ba a cika ambatonsa ba sai ranar da aka ji motarsa ta kife a wani kwari tsakanin Mokwa da Jebba. Wannan mutum shi ne direban babbar mota, kuma a kansa nake so in yi magana, saboda samarinmu da yawa sun ɗora ido a kan sana'arsa ba tare da sun san abin da ya kamata su nema a cikinta ba.

Ba abin mamaki ba ne saurayin Bunkure ya yi sha'awar sitiyari. Gonar da kakansa ya samu a cikin aikin ruwan, wadda a da take ci da gida guda, gado ya yi ta rarraba ta har ta zama ba ta ci da kowa. Hayar fili ta yi tsada, taki ya fi ƙarfin talaka, ga kuma tireloli suna wucewa dare da rana a kan hanyar Kano zuwa Zariya, direba ya diro daga mota ana ce masa oga, yana yi wa mai shayi da mai tsire ihsani. Sai yaron ya sami wani dattijo a tasha ya durƙusa ya ce, "Baba, a taimaka a haɗa ni da mota mai kyau," abin da yake nufi da mai kyau kuwa shi ne wadda ake samun kuɗi da ita. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa masa hujja, shi ne ana gane aikin tuƙi nagari da sharuɗɗa biyu: a ambaci lada a fili tun ba a karɓi makulli ba, a kuma lissafa barcin direba a cikin kuɗin haya kamar yadda ake lissafa gas da taya. Aikin da ya rasa waɗannan, kome yawan abin da ake damƙa wa mutum ranar tashi, daga lafiyarsa ake yankar masa shi.

Galibin masu motocin da ke lodi a wannan yanki attajirai ne masu mota ɗaya ko biyu ko biyar, kuma abin da ke tsakaninsu da direba magana ce ta fatar baki. Wani yakan yanka ɗan albashin wata wanda ba zai riƙe gida ba, sa'an nan ya ba da kuɗin hanya a kowace tafiya. Wani ba ya yanka kome, sai dai ya ce a sha gas, a sallami na kan hanya, a kawo masa balas kaza, abin da ya ragu na direba ne. Dokar mafi ƙarancin albashi, wanda aka ɗaga zuwa naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi wanda ake biya bisa kamasho ba, saboda haka yawancin direbobinmu suna wajen inuwarta. To, tun da yake ragowa ita ce rabon direba, dole ne ya ƙirƙiro ragowar da kansa. Zai kashe inji a gangara don tattalin gas, alhali kuwa birkin babbar mota da iska yake aiki, iskar kuma inji ke tara ta. Zai ɗora mutane a saman kaya, waɗanda in mota ta faɗi su ne farkon salwanta. Zai karɓi lodin da ya fi ƙarfin tayoyinsa. Zai ƙi kwana don ya juyo da wuri ya riski wani lodin. Kwanakin da yake yi yana jiran a sauke kaya, da waɗanda yake yi a Legas yana neman kayan dawowa, da waɗanda yake yi a gareji yana tsaye kan bakanike, babu mai lissafa masa su, ko da yake a cikinsu ma ci yake yi, iyalinsa a gida kuma ba su daina ci ba. Mutane sukan ga waɗannan abubuwa su ce halin direbobi ne. Ni a ganina halin yarjejeniyar ne, kuma da za a ɗauko liman a ɗora shi a kan irinta, da sai ya yi jihadi da zuciyarsa kafin ya kuɓuta.

Wanda yake son ya ga inda cutar take, ya tsaya a Kwanar Gafan da yammacin wata rana cikin watan Fabrairu. Tun da sassafe ake tsinkar tumatir a gonaki ana kawowa a kan babura da a-kori-kura, dillali yana yaye bakin kwando yana cusa hannu ya ɗauko na ƙasa don ya ga ko an yi masa fuska, 'yan lodi suna jera kwanduna hawa-hawa suna gitta katakai a tsakani don kada na sama ya danne na ƙasa. Duk wannan hidima direba yana wurin idonsa biyu, yana ciniki da ɗan kamasho, yana bin mai faci, yana duba ɗaurin igiya da kansa domin shi za a tuhuma in kaya suka zame. Ba a gama lodi sai wajen magariba ko bayan lisha, sa'an nan mai kaya ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Oga, don girman Allah jibi da asuba mu kasance a Mile 12. In mun riski kasuwa akwai naka daban." Tsakanin wurin nan da Legas kuwa tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce, ko an bi ta Tegina da Mokwa da Jebba da Ilori, ko an zaga ta Abuja da Lokoja, a kan hanyoyin da ramuka da shingaye da tsoron 'yan fashi suka mayar da sa'a guda ta koma biyu. Mutumin da ya yini a tsaye shi ne zai fara wannan tafiya da dare, shi kaɗai a kan sitiyari, da yaron mota a gefensa wanda barci zai kwashe tun ba a kai Mararrabar Jos ba. Mai kaya ba mugu ba ne. Tumatir ba ya jira, kowace sa'a da ta wuce ruwa yake zubarwa ta ƙasan bodi, kuma jarinsa ne yake tsiyaya. Amma gaggawar nan da kayan gwari suka wajabta, wani ne yake biyan kuɗinta, kuma a tsarinmu na yau mai biyan shi ne wanda ya fi kowa ƙarancin rabo a cikin ribar.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su bar wannan babi a buɗe ba. Duk wanda ya zauna a zaure gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san ijara ba ta inganta sai an ambaci lada an kuma yanka ajali, domin jahiltar ɗayansu garari ne, garari kuwa yana ɓata mu'amala. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu sake duba maganar "abin da ya ragu naka ne", wadda a lokacin ƙulla ta babu wanda ya san ko wani abu zai ragu. Wanda kuma Allah ya ba shi himma har ya kai Muhtasar na Shehu Halilu zai tarar da wata mas'ala wadda sai ka ce don direban tumatir aka ajiye ta. Ana iya ɗaukar mutum aiki bisa lokaci, kamar yini ko wata, ana kuma iya ɗaukarsa bisa aiki, kamar ɗinkin riga; amma idan aka haɗa masa biyun, aka ce ya ɗinka rigar kuma a yinin nan, fuƙaha'u sun yi saɓani a kan ingancin ƙullin, inda kuwa lokacin ya ƙuntata har bai wadaci aikin ba, ba su yarda da shi ba. Idan magabata sun ji tsoron wannan a kan tela, wanda iyakar ɓarnarsa ɗinki ya karkace, ina ga mutumin da aka damƙa wa ƙarfe da kaya masu nauyin tan 30, aka ce ya ratsa garuruwa da kasuwanni da makarantun bakin hanya, aka kuma ɗaure ladansa da asubahin da ba zai riska ba sai ya sayar da barcinsa? Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba, ya kuma hana a ɗora wa na ƙarƙashi abin da ya fi ƙarfinsa, in kuwa an ɗora masa to a taimake shi. Taimakon da ya dace da tafiyar Legas sunansa direba na biyu. Abin lura ne cewa shari'a ta rage wa matafiyi salla ta kuma yi masa rangwamen azumi saboda sanin wahalar tafiya, sai ga shi mu da muke bin wannan shari'a muna ƙara masa nauyi a daidai inda Ubangijinsa ya sauƙaƙa masa.

Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro sun fi mu sanin wannan. Ayari yakan tashi da sassafe, jagaba a gaba, madugu yana riƙe da ragamar al'amari, a sauka a zango tun da sauran rana domin jakuna su yi kiwo su huta, kuma a haka ake shafe watanni kafin a ga Salaga. Ba tausayi kaɗai ya sa su haka ba. Jakin da bai huta ba ba zai kai ba, jakin kuwa dukiyarsu ne. Yau mai mota yana canja baƙin mai a kan kari, ba ya yarda a wuce ranar sabis, saboda injin dukiyarsa ce. Direba kuwa in bayansa ya riƙe ko idonsa ya raunana, akwai goma a tasha suna jiran makulli.

Wasu ƙasashe sun daɗe da mayar da hutun direba doka. A ƙasashen Tarayyar Turai direban babbar mota ba ya wuce sa'a 9 a kan sitiyari a yini, sai dai ɗan ƙarin da aka yarje masa sau biyu a mako, kuma bayan kowace sa'a huɗu da rabi wajibi ne ya huta minti 45, akwai kuma na'ura a cikin motar tana rubuta duk motsinta, ana hukunta kamfani da ita kamar yadda ake hukunta direba. A Amurka iyakarsa sa'a 11, bayan ya samu hutun sa'a 10 a jere. A nan gida Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, takan yi nasiha a huta bayan tuƙin sa'a huɗu, kuma tun 2017 ta tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Sai dai jami'in da ke bakin hanya yana iya duba taya da lasin da takardun mota, ba ya iya duba kwana nawa mutum ya yi bai rintsa ba, kuma hukuncin da ya hana shi barci tun a kasuwa aka yanke shi.

Daga nan ne ƙwaya take shigowa. Yaro yakan fara da goro da shayi mai kauri, in suka daina yi masa aiki wani ya miƙa masa taramol a Tafa ko a Ogere ya ce wannan ce ke kai mutane Legas. An hana maganin tari mai kodin a 2018, ana kama dillalai, malamai suna wa'azi a tashoshi, duka kuwa daidai ne kuma wajibi ne. Amma muddin ana neman aikin mutum biyu daga jikin mutum ɗaya, mai sayar da abin da ke hana barci ba zai rasa ciniki ba.

Na san abin da masu motoci za su ce, kuma maganarsu abar saurara ce. Za su ce gas ya yi tsada, kayan gyara da dala ake shigo da su, tsakanin Kano da Legas hannuwan da ake miƙowa ba su ƙirguwa, ga haɗarin da ba ya cikin lissafin kowa, irin rikicin kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairun 2021, wanda ya jawo fataken abinci da dabbobi suka dakatar da kai kaya kudu na 'yan kwanaki, tumatir ya yi kwantai a nan har manoma suka rasa mai saye. Za su ce in aka ƙara direba na biyu dole kuɗin haya ya tashi, in ya tashi mai kaya ya koma wurin wanda bai ƙara ba. Gaskiya ne. Amma Alhaji, ka ɗauki alƙalami ka lissafa ladan direba na biyu na kaka guda, sa'an nan ka lissafa kan tirela ɗaya da ya murƙushe, da kayan mutane da suka zube, da watannin da mota za ta yi a gareji, ka ga wanne ya fi; wannan kuwa tun ba a zo maganar rai ba, wanda diyya ba ta mayar da shi, kuma wanda za a tambaye ka a kansa ranar da ba a karɓar uzurin tsadar gas. Tsoron kada wani ya karya farashi hujja ce ta a yanke shawarar tare, ba hujjar a bar ta ba ce.

Kai kuma saurayi mai neman mota, kada kunya ta hana ka tambaya, domin tambayar sharaɗi ba rashin ladabi ba ce, kuma ubangidan da zai fusata don ka tambaya ya riga ya ba ka amsa. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Ranka ya daɗe, nawa ne nawa a wata, nawa ne a tafiya? Ranar da mota ta kwana a gareji, wa ke ciyar da ni? In taya ta fashe ko kaya suka lalace ba da sakacina ba, a wuyan wa yake? In na kwanta ciwo fa?" Ka nemi a rubuta, ko da a takardar makaranta ce, ko da ajami, a gaban shaidu biyu, domin aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, saboda haka babu Musulmin da zai ce rubutu rashin yarda ne. Kafin haka ma ka binciki mutumin kamar yadda zai bincike ka: ka nemi direban da ya bar motar ka ji dalilin barinsa, ka duba tayoyin da idonka, ka tabbata inshorar ta gaske ce. Ka mallaki lasin na ajin manyan motoci ta hanyarsa, kada ka sayi takarda a bayan ofis. Wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sama maka tuƙi a kamfani, ka yi nesa da shi.

Kada kuma ka raina gajeriyar tafiya. Ni'imar wannan yanki ita ce aiki ba ya yankewa: shanshera daga gona zuwa injinan casa na Kura, taki daga birni zuwa ƙauyuka, albasa da attarugu zuwa 'Yan Kaba, hatsi zuwa Dawanau. Abin da ake samu a tafiya ɗaya bai kai na Legas ba, amma idan mutum ya raba kuɗin Legas bisa kwanakin da ya yi a waje, ya cire abin da ya ci a hanya da abin da ya kashe a kemis bayan ya dawo, sau da yawa zai tarar da mai motar kanta da ke kwana a ɗakinsa, yana sallar asuba a masallacin unguwa, yana kuma leƙa 'yar gonarsa, bai bar masa kome ba. Manyan kamfanoni masu ɗaruruwan motoci sun fi tsari ta fuskar albashi da asibiti, amma su ma a karanta takardarsu da kyau, musamman wurin da aka yi maganar yankan albashi in gas ko kaya suka yi giɓi.

Akwai kuma yaron mota, wanda yake kwana a ƙarƙashin bodi yana gadin kaya, yana dirowa da gudu a hawa ya tare taya da katako, shekara da shekaru ba lada sai abin da oga ya ga dama da alkawarin wata rana za a koya masa. Direban da ke kukan zaluncin mai mota ya dubi yadda yake riƙe da wannan yaro, ya yanka masa ajalin koyo da abin sayen sabulu.

Wani sashe na gaggawar zai ragu da a ce ana sarrafa tumatir a inda aka noma shi. Masana'antar Dangote da ke Kadawa, wadda aka buɗe a 2016 da ƙarfin markaɗa tan 1,200 a yini, ta sha tsayawa, farko saboda tsutsar da ta cinye gonaki a waccan shekarar, daga baya kuma saboda ƙarancin tumatir da saɓanin farashi tsakaninta da manoma. Akwatunan roba da suka fara maye gurbin kwando su ma suna sa kaya su jure hanya, kuma duk sa'ar da tumatir ya ƙara jurewa sa'a ce da direba zai iya kwantawa. Amma waɗannan suna buƙatar jari da lokaci. Abin da ba ya buƙatar kome sai niyya shi ne shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW, da ta masu motoci ta NARTO, da ta fataken kayan gwari, waɗanda kullum suna karɓar kuɗin tikiti a kan kowace motar da ta tashi, su haɗu su zartar cewa babu motar da za ta bar Kwanar Gafan zuwa Legas ko Anaca ko Fatakwal sai da direba biyu masu lasin, a rubuta sunayensu a littafin tasha, a kuma raba ƙarin kuɗin a kan kowane kwando yadda ba zai yi wa kowa nauyi ba. Hakiman Kura da Bunkure da Garun Malam da limaman Juma'a suna da girman da za su kira wannan zama a amsa musu, kuma lokacinsa shi ne damina, sa'ad da kasuwar tumatir ta lafa, kowa yana gida, tun kafin sanyin Janairu ya shigo motoci su fara layi.